Ƙafar Baya ta Keken Malam Isiya

Ba za ni manta da ranar da aka shigo mini da keken marigayi mijina har tsakar gida ba. Bayan Sallar layya ne, bara waccan. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, don ku masu gyaran babur na yanzu ku ji yadda aikinmu yake a da.

Malam Isiya, Allah ya jiƙan shi, shi ne babban mai gyaran keke a garin Isa. Yana rumfa, ni ina cikin gida ina saƙa ƙafa. Saƙa ƙafa shi ne a ɗaura wayoyin nan sirara tsakanin cibiya da da'irar ƙarfen da taya ke zama a kai, a ɗaure su daidai har ƙafar ta juya ba rawa. Ni bahaguwa ce, saƙata daga hagu take tashi, kowa ya san ta. In na gama, Malam ya juya ƙafar ya duba. In ya gamsu, ya tsoma babban yatsa a jan fenti ya dangwala a cikin da'irar. Ba a sa taya sai da wannan shaida. Kullum yakan ce kekensa na hawa, hannu biyu kaɗai ke taɓa shi, nasa da nawa.

Da ƙafafun Malam suka gaza don tsufa, ya ba da keken ga abokinsa Mamman na Kamarawa, shi ma mai gyara ne. Dukansu yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Sani ɗan Mamman ne ya turo keken, tare da wani Alhaji daga Sakkwato mai tara tsofaffin kaya.

Alhaji ya gaishe ni ya ce, "Inna, an cuce ni ba sau ɗaya ba. Sai a ɗauko sabon keke a bar shi cikin ruwa ya yi tsatsa, a ce na Ingila ne. In kin ce wanga na Malam ne, na saya. In kin ce a'a, mu tahi."

Na san rufin ɗakin uwar Sani ya faɗi da damina, don shi ya fito da keken.

Na bi ƙa'ida. Na ɗaga shi, na ji nauyin ƙarfen zamanin da. Na ƙwanƙwasa sandar tsakiya da zobe, ta amsa da ƙara mai tsawo, sabon ƙarfe kuwa amsarsa gajera ce. Tambarin gaba da ƙusa aka kafa shi, ba manne ba. Sannan na ce a cire tayoyi. Ƙafar gaba saƙata ce, ga jan yatsan Malam. Nan na fara kuka, ban ɓoye ba.

Sai na juya ƙafar baya. Daga dama saƙar ta tashi. Na laluba cikin da'irar ina fatan kada in samu komai, don in ce bayan keken ya bar gidanmu aka yi ta. Jan yatsan yana nan, ya dushe daidai da na gaba.

Na ce, "Sani, wa ya yi wagga?"

Ya ce, "Baba ne, Gwaggo. Tun ina ƙarami. Malam ya ce kaya yake ɗauka zuwa Bafarawa, hanyar ba ta da kyau. Ya ce kada a hwaɗa maki."

Ƙafar baya ita ke ɗaukar mutum da kayansa. Ita ya kai wa Mamman, ni ya bar mini ta gaba. Shekara da shekaru yana cin tuwona yana yabon hannuna.

Na juya ta ina neman rawa, ko kaɗan ce. Na matsa wayoyin ɗaya bayan ɗaya ko za ni samu sako-sako. Babu. Da na samu aibu, da na ji sanyi.

Alhaji ya ce, "Inna, mi kika gani? Kin daɗe wurin nan."

Raina ya so in ce ba shi ba ne, su kwashe abinsu, maganar ta mutu a nan. Na dubi Sani, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Na Malam ne, Alhaji. Gaba aikina, baya aikin Mamman. Ka saya."

Ya yi dariya ya ce, "To wanne ya fi?"

Na ce, "Keke ka zo saye ko tsegumi?"

Suka tura shi suka fita. Ban raka su ƙofa ba.

Abin da na koya, 'ya'yana, mai gyara yana yabo da baki, amma in kuna son sanin wanda ya yarda da shi, ku duba wa ya ba wurin da nauyi ke zama. Ina yi wa Malam addu'a kowace sallah, ina kukan rashinsa har gobe. Mamman ma ina roƙa masa gafara, sai dai in na zo kan sunansa, bakina yakan yi nauyi.