Gurbin Suna

Malaminmu na kwamfuta a unguwar Moursal ya ce kamfanin motocin da ke zuwa garin Moundou na neman mutum ɗaya, wanda zai rubuta musu manhajar sayar da tikiti. Mu biyu muka nema: ni da taubashina, ɗan gwaggona da ya zo daga Najeriya da Turancinsa da bakinsa mai zaƙi.

Idan ka gama rubutu, akwai kompila, mai juya shi zuwa harshen na'ura. Ba ta hana ka wucewa, amma tana gargaɗi. Mu duka abu ɗaya ta faɗa mana: muna zuba sunan fasinja a gurbi ba tare da aunawa ba, in sunan ya fi gurbin tsawo zai malala ya ɓata na kusa. Ni ɗan makarantar Faransanci ne, gargaɗin kuwa da Turanci yake, da ƙamus na bi shi kalma kalma. Na kuma san mutanenmu, ba mai faɗin sunansa bai haɗa da uba da kaka ba. Na zauna ina gyara.

Shi kuwa layi ɗaya ya sa na kashe gargaɗin, kompila ta yi gum. Na ce masa, "Taubashi, rufe bakin kare ba ya korar ɓarawo. Ka auna sunan."

Ya ce, "Kalas, zance ya ƙare, bawana, allo dai ya yi fes."

Ranar dubawa nawa bai kammala ba. Aka ɗauke shi. Wallahi na ji zafi. Sabon babur ɗinsa ma in ya shigo unguwarmu ta Diguel, ƙararsa a haƙorina nake jinta.

Na yi ta jiran labarin na'urarsu ta tsaya, shiru. Da haƙurina ya ƙare sai na tafi tashar da kaina, na ce a ba ni tikiti. Akawu ya tambayi suna. Na jero nawa, da na babana, da kakana, da kakan kakana, har da laƙabinsa na fawa. Ya buga duka, ni kuwa ina kallon allo.

Tikiti ya fito lafiya lau, an datse sunan daidai gurbi.

Taubashina ya leƙo daga ofis yana murmushi. Ya ce, "Tun makon farko na koma na auna, yadda ka ce. Maigida har yaba mini ya yi. Me za ka yi a Moundou?"

Ban san kowa a Moundou ba. Na ce ziyara, na hau motar.