Bencin Ƙarshe na Baba Kafinta

Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, Ubangiji ya kira bawansa, dattijon ikilisiyarmu da kowa ke kira Baba Kafinta, yana da shekara tamanin da ɗaya. 'Yarsa ce ta bugo mini waya. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma wannan rubutu na godiya ne, domin ka tafi da nasara, Baba.

Shekara arba'in kana yi wa majami'armu benci, ba ka taɓa yin gajere ba. Kowanne sai ya ɗauki mutum takwas, ga nauyin tsiya. Mun sha tsokanarka cewa ɓarnar katako kake yi. Sai daga baya muka gano dabararka. Da zarar ka ji mutum biyu sun ɓata, sai ka aika wa kowannensu, ba da sanin ɗayan ba, cewa ga benci a shago za a kai majami'a. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi. Ga hanya da nisa, ga ƙofar majami'a da ƙunci, dole a yi magana. Ta haka ka shirya mawaƙan nan biyu da suka shekara ba sa gaisawa, har fasto da surukinsa ba su tsira ba.

Kakan ce annabawan Ibraniyawa ba su ɗauki shiru a matsayin salama ba. A wurinsu, salama ita ce abin da ya karye a gyara shi ya koma daidai, har a iya zama a kansa. Kana faɗa kana buga ƙusa. Almasihu ma, in ji ka, bai tsaya daga nesa yana yi mana fatan alheri ba, zuwa ya yi ya ɗauki katakon gicciye a kafaɗarsa.

Ni ne na gagare ka. Shekara bakwai ba na magana da ƙanena, saboda wata baƙar magana da ya gaya mini ranar da muka binne mahaifiyarmu. Sau uku ka aika a kira ni. Sau uku ina leƙa shagon, in hango shi tsaye cikin garin katako, in juya abina. Na ce maka, "Baba, ai ba faɗa muke yi ba, kowa na zamansa lafiya." Ka dube ni ta saman tabarau, ka ce, "Ɗana, makabarta ma ba a faɗa a cikinta." Na ji kunya, amma taurin kai ya hana ni.

Kwana biyu da rasuwarka 'yarka ta kira mu shagon, ni da ƙanena. Ta ce, "Baba ya gama wannan bencin kafin ciwo ya kwantar da shi. Ya ce ku biyu za ku kai shi, ko kuwa ya ruɓe a nan."

Muka ɗauka, ni a gaba, shi a baya. Muka ratsa titi muka nufi majami'a. Da muka isa ƙofa, benci ya maƙale. Na ja, ya ƙi. Sai na ji murya daga bayana: "Yaya, ɗan sauke ta wajenka." Rabon da in ji an ce mini Yaya, shekara bakwai. Na sauke bencin ƙasa gaba ɗaya, na zagaya na rungume shi a bakin ƙofa, muka tare wa mutane hanya muna kuka.

A sujadar jana'izarka a kansa muka zauna, mu da matanmu da 'ya'yanmu. Mutum takwas cif. Ashe har ƙirga mu ka yi.

Allah ya ji ƙanka, Baba, ya karɓe ka cikin salamar da ka yi wa hidima da zarto da guduma. Ubangiji ya ta'azantar da Mama matarka, da 'yarka, da jikokinka, da dukan ikilisiya, ya ba mu begen saduwa a ranar tashin matattu. Ka huta. Bencin ya iso, kuma muna zaune a kai.