Loli, Kondens, Ƙanƙara

A gidanmu na Dutse Uku, kaskon wutar Kaka shi ne majalisa. Da an idar da sallar magariba za ta hura gawayi a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta da rigunan sanyi. Umma tana yin ƙanƙarar sayarwa, ta zoɓo da ta madara, a cikin siraran ledoji. Kullum sai ta ba Kaka ɗaya. Ita kuwa Kaka haƙoranta sun ƙare, don haka takan saka ta a kofin silba, ta ajiye gefen kasko har ta narke ta yi ɗumi, sannan ta kurɓa. Mu yi ta dariya, ita ko a jikinta.

A hutun da na gama aji shida, Yaya Nura ya fara koyon ɗinki, tallan da yake yi ya dawo kaina. Ni kuwa ko a aji malami sai ya matso kusa kafin ya ji amsata. Nakan ɗauki kular ƙanƙara in bi hanyar kasuwar Farin Gada, in ce “ƙanƙara” a hankali kamar mai neman gafara, in dawo da ruwa mai launi a cikin leda. Ran nan Umma ta gaji. Ta ce idan na sake dawo mata da kaya a narke, za ta tura ni Bauci wurin Gwaggo in yi mata raino har hutu ya ƙare. Raino bai dame ni ba. Tunanin rabuwa da kaskon nan ne ya sa na kasa cin tuwo.

“Malama, yau ba littafi?” in ji Kaka da ta ga na zauna hannu rabbana. “Matso, ga wata tatsuniya nan tafe, ku buɗe mata hanya.”

Ta ba mu labarin wata saniya da ta tashi a hannun mutane da yawa, kowane gida da sunan da ya raɗa mata. Wata rana ta ɓace a bayan duwatsu. ’Ya’yan mai ita suka fita nema, manyan suna ƙwala mata kira da sunan da ubansu ya sa mata, har muryoyinsu suka dishe. Saniya tana jin su, ta ci gaba da kiwonta. Ƙaramarsu ba ta iya ihu ba. Amma ta taɓa raka saniyar rafi, ta ji wata tsohuwa, wadda a hannunta aka haifi saniyar, ta kira ta da wani suna dabam. Yarinyar ta hau dutse ta faɗi sunan sau ɗaya. Sai ga saniya tana ratso ciyawa.

“Ƙarya ne, ai ba za ta ji ba,” in ji Yaya Nura.

“Kai da bakinka kamar lasifikar tasha, wa ka taɓa kira ya zo?” Kaka ta ce. “Kowa da sunan da kunnensa ya sani, maigidana. Tashi ka ƙaro gawayi.”

Washegari na fita da ƙanƙara kaɗan, ban yi kira ba sam. Na tsaya kusa da wasu masu talla ina sauraron abin da masu saye ke cewa. Masu lodin tumatir da suka zo daga wajen Kano suna cewa ƙanƙara, kamar mu. Yaran da iyayensu mata ke kawo kabeji daga ƙauyukan kan dutse suna jan zanen uwa suna cewa kondens. Matan da ke sayen kaya su kai kudu suna cewa ayis. Ɗaliban jami’a masu gangarowa daga Naraguta kuwa loli suka sani. Ashe duk kwanakin nan kashi ɗaya nake kira, su ma ba sa ji na.

Kashegari na cika kula. Na je gaban wata mata mai kabeji, na durƙusa na ce, “Mama, akwai kondens.” Kafin ta amsa yaranta sun kewaye ni. Na tare ɗalibai na ce loli, wata ta yi dariya ta ce rabonta da shi tun tana firamare, ta saya wa ƙawayenta duka. Muryata ba ta ƙaru ba ko kaɗan. Kafin azahar kula ta zama fayau.

Na shigo gida ina kaɗa ta da hannu ɗaya don kowa ya ga ba nauyi. Umma ta buɗe, ta leƙa, ta dube ni. Kaka ta rangaɗa guɗa daga ƙofar ɗakinta har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Ba a sake zancen Bauci ba.

Yanzu ina karatun aikin jinya, kuma har yau ana ce mini in ɗaga murya. A ɗakin marasa lafiya na lura ciwo ɗaya sunansa biyar, kuma mutum ba ya sakin jiki sai ya ji nasa. Shi ya sa idan na zo gaban gado nakan ajiye sunan da ke littafi, in ja kujera in ce, “Baba, ku a wajenku me kuke ce masa?” Daga nan sai bayani ya ɓarke, har abin da ban tambaya ba.