Haruffan Baba Seidu a Buhun Siminti

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina tsaye wajen mai koko aka kira ni a waya, wai Baba Seidu mai injin bugu na unguwar Aboabo ya rasu a asibiti. Na bar kokon a kan benci, ban ma san na bar shi ba.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Allah ya jiƙansa. Amma yau har da wani abu ke cin raina bayan mutuwar, kuma sai na faɗa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Seidu shi ne tsohon da ke buga katin aure da katin suna da hannu. Kowane harafi ɗan guntun dalma ne, ana ɗauko shi ɗaya-ɗaya a jera, a ɗaure, a shafa tawada, a taka inji da ƙafa. Tun kafin kwamfuta ta zo Tamale yake wannan aikin, ta zo ta same shi, bai ko ɗaga kai ya gaishe ta ba.

Ni kuma kun san ni. Tela ne, uban yara biyar, makaranta ta kore ni a fom tu ni ma na kore ta. Na gwada sassaƙar ƙwarya, na yanke yatsa. Na gwada sabulu, uwar yarana ta wanke zani da shi, zanin bai sake zama zani ba. Da na ce zan koyi bugu duk ranar Asabar, cewa ta yi, "To wannan karon me za mu rasa?"

Ranar farko Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka iya karatu?" Na ce kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Ya yi. A nan a juye ake karantawa, masu digiri ma wahala suke sha." Daga ranar ya sa mini Farfesa. Shekara uku bai kira ni da sunana ba.

Bai taɓa karɓar komai a hannuna ba, sai goro.

Doka biyu gare shi. In an gama bugu, kowane harafi sai ya koma ɗan ɗakinsa a cikin durowa kafin kowa ya tafi gida. Sannan harafi ba ya kwana a ƙasa. In ɗaya ya faɗi, sai a tsayar da komai, ka durƙusa ka nemo shi. Wata rana na ce, "Baba, ɗan mitsitsin nan?" Ya ce, "Farfesa, da irinsa ake rubuta sunan Allah. Ka taka shi in gani." Da tumbina da komai na shiga ƙarƙashin inji, shi kuwa yana sama yana cin gorona.

Lokacin auren babbar 'yata ya bar ni na jera katin da hannuna. Sati biyu na yi. Baƙi suka ce kati ya yi kyau, ban gaya wa kowa cewa Baba ya bi bayana ya gyara layi huɗu cikin shida ba. Shi ma bai gaya wa kowa ba.

Ganinmu na ƙarshe, wata guda ke nan, ƙafarsa ta kumbura, ba ya iya taka inji. Ya nuna mini wani ƙaramin inji na kan tebur, mai hannu, ya ce in kai gida in riƙa wasa da shi. Na ce to haruffa fa? Ya ce, "Ka zo nan ka same su. Ba sa zuwa yawo." Na ɗauki injin, na ce sai Asabar. Asabar huɗu suka wuce ban je ba, ina ta ɗinkin biki. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

To yau da muka dawo daga maƙabarta, na ce bari in bi ta shagon in tsaya ko minti biyu ne.

Ƙarar guduma na fara ji tun daga kwana.

'Yan kwandam ne, masu sayen tsohon ƙarfe, su uku, sun riga sun fasa babban injin suna loda shi a keke mai ƙafa uku. Durowoyin nan da Baba ya shekara arba'in yana tsarawa, an kife su a tsakar shago. Manya da ƙanana, duk sun zama tsibi ɗaya. Wani yana kwasa da shebur yana zubawa a buhun siminti, yana tsaye a kansu da silifas.



Babban ɗan Baba, wanda ya zo daga Kumasi, yana bakin ƙofa yana danna waya. Ashe tun tsohon yana kwance a asibiti aka gama magana, mai shagon waya zai shiga ɗakin. Na ce, "Ɗana, ƙasar kabarin ubanka ce a ƙafarka har yanzu." Ya ce, "Ankul, ka yi haƙuri, dalma ne kawai. Masunta ke so, su narka su sa a raga." Na ce to katin addu'ar arba'in da me za a buga? Ya ɗaga mini wayar. "Minti biyar, in tura a guruf."

Ban da ƙarfin faɗa, ban da Turancin gardama. Abin da Allah ya ba ni nauyi ne. Na je na zauna a kan buhu ɗaya.

Mai shebur ya ce, "Masa," wato maigida, "tashi, za mu auna." Na ce ku auna da ni. Ya ce, "Masa, kai ba ƙarfe ba ne." Na ce matata ta ce har na fi. Mutane suka taru, masu babur suka tsaya kallo, ni ina zaune da hular jana'iza kamar kaza a kan ƙwai.

A ƙarshe muka yi musanya. Suka bar mini buhun, na kai su gidana a Changli na ba su tsohon firij ɗin uwar yara, wanda ta shekara biyu tana cewa za a gyara. Tana kasuwa lokacin. Ta dawo. Wannan labarin na wata rana ne, in na rayu.

Sauran buhunan biyu sun tafi. Ban iya zama a kan uku ba.

Yanzu ga ni a tsakar gida tun la'asar, da tabarau, da tire, da kwalayen ƙwai, ina tsince su ɗaya-ɗaya ina goge musu siminti. Rabin kwali na cika. Wasu sun lotse da shebur, ba za su sake bugawa ba. Ko sunansa ban haɗa ba tukuna. Amma na yi niyya, katin arba'in ɗin Baba Seidu da haruffansa za a buga shi, ko layi uku ne, ko ya karkace. Wannan karon ba mai bi bayana ya gyara, shi ya sa nake neman ku. Duk wanda ya taɓa riƙe katin da ya buga, yana da ido mai kyau da haƙuri, ya zo ranar Asabar da kwalin ƙwai. Kwana talatin da tara suka rage.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Seidu, ka yalwata kabarinsa, ka ba shi littafinsa a hannun dama. Ka shirya ɗansa, ni ma ka shirya ni.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku kafin ya wuce.