Shekarar da Aka Daina Ce Mini "Ya Jiki?"

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba yayana ya faɗi a fadamarmu ta Jandutsi, yana cikin ban ruwan albasa. Ya dafe ƙirji, kafin a kai shi bakin hanya rai ya yi halinsa. Ni na ɗauko shi. Ba a yi sadakar arba'in ba nawa ƙirjin ya fara.

Zafi nake ji kamar an ɗora mini garwashi, hannun hagu ya yi nauyi, numfashi ya ƙi isa. Na je babban asibiti a Birnin Kebbi, aka auna jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce ba a ga komai ba. Ban taɓa jin haushin magana irin wannan ba. Ni da ke cikin jikin ina ƙonewa, wani ya dubi takarda ya ce lafiyata lau! Na tafi Aliero wajen masu ɗori, ko haƙarƙari ne ya goce. Wani tsoho a cikinsu ya lallatsa ni, ya ce, "Ɗana, ba abin da ni ka ɗorawa nan." A Maiyama kuwa na sha jiƙe-jiƙen da ko akuya aka ba sai ta yi ƙara.

Sai na shimfiɗa tabarma a zaure na kwanta jiran ajali. Irin albasa ya isa dashe, na ce kada a taɓa, wa zai dasa abin da ba zai ga cirarsa ba? Da albasar nan muke ci, mu da marayun yayana. Matata ta yi magana har ta gaji.

Mutanenmu kuwa, Allah ya saka musu, ba su da wasa da dubiya. Kowa ya shigo sai ya ce, "Sannu, ya jiki?" Ni kuma sai in tsaya in saurari jikin don in ba shi amsa ta gaskiya, kuma duk wanda ya saurari jikinsa ba ya rasa abin ji. Daga nan mai dubiya ya gyara zama ya kawo labarin wani kawunsa na Alelu da ya fara da hakan, bai kai damina ba. Ya tashi ya bar mini ƙullin magani da sabon tsoro.

Matata ce ta matsa muka je asibitin Jega, wajen wani jami'in lafiya, Kirista, baƙo a garin. Na shiga a shirye in yi faɗa. Ya gwada ni a tsanake, ya duba sakamakon Birnin Kebbi, sannan ya ce, "Malam, ciwon nan gaskiya ne, ba ƙirƙira kake ba. Amma zuciyarka ba ta lalace ba. Yaushe ya fara?"

Na buɗe baki in faɗi wata, sai na ji ina ba shi labarin yayana. Na yi kuka, gemai-gemai da ni, a gaban baƙo, ban ji kunya ba.

Ya ce tsoro na iya kama jiki ya matse shi har ya yi ciwo na sosai, ciwon kuma ya ƙara tsoron. Ya ce in daina yawon magani, in riƙa zuwa wurinsa duk ranar kasuwa, da ciwo ko babu, ya duba ni mu yi hira. In koma fadama, ko fangali ɗaya ne in dasa in huta. Sannan ya juya ga matata ya ce a rage masu tambayata jiki.

Ai kuwa ya ba mai kaza kai. Ta naɗe tabarmar zaure, ta tsaya bakin ƙofa. Ina jin ta tana ce wa gwaggona, "Gwaggo, ku yi haƙuri, ba a ce mai ya jiki. Ku tambaye shi albasa." Gwaggo ta ce, "Wanga wane irin likita na, mai hana gaisuwa?" Ta yi fushi, amma washegari ta dawo ta ce, "To, ya albasa?" Dole na je fadama, don in sami abin da zan ce mata.

Ranar farko ina sunkuyawa ƙirjin ya kama, daidai inda yayana ya faɗi. Na zauna a bakin fangali ina salati, ina jira. Mutuwa ba ta zo ba, zafin ya lafa, irin kuma yana nan a hannuna. Na dasa shi.

Ba zan ce ciwon ya tafi gaba ɗaya ba. Har yau yakan leƙo idan raina ya ɓaci, sai dai na san shi, ba ya kwantar da ni. Mun makara da dashe a shekarar, albasar ba ta yi girma ba, amma ta ciyar da gida biyu.

Ranar cira ina durƙushe cikin ƙasa, gumi har ido, sai ga matar marigayi yayana ta kawo mana fura. Tun rasuwar ba ta taka fadamar ba. Ta ajiye ƙwaryar, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Sannu da aiki."

Na ce, "Yawwa, sannu." Na daɗe ba a yi mini gaisuwar masu rai ba.