Foldar Hadda

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin. Mai yiwuwa na haɗa abin da ya faru da damina da wanda ya faru da rani, wasu maganganun kuma ƙila ba haka suka fito daga bakin masu su ba.

Da na gama hidimar ƙasa na dawo Daura ba aiki, sai na zauna a gidan yayana. Sana'arsa shanu, kusan kullum yana hanyar Mai'adua. Bai yi boko ba, amma ya ci alwashin babban ɗansa sai ya yi. Yaron yana da shekara goma sha uku, da safe sakandare, da yamma Islamiyya. Malamin Islamiyyar ne ya ce yara su riƙa sauraron ƙira'a don gyara hadda, shi ya sa Yaya ya sayo masa waya ta hannu.

Ranar da ya kawo ta, ni ya fara miƙa wa.

"Kai ka yi digiri. Ni in na kalli abin nan kamar na leƙa rijiya ne. Duk Asabar ka duba. In ka ce lafiya, lafiya. Ran da aka ga shirme a ciki boko ta ƙare, ya biyo ni kara."

Matar Yaya tana tankaɗe ta dube ni ta ce cikin wasa, "To, mijina ya samu aiki. Albashin fa?"

Yaya ya ce, "Tuwon da kike ba shi."

Na ɗauki aikin da gaske, wataƙila fiye da kima. Na ware littafi ina rubuta abin da na duba: lambobi, saƙonni, hotuna. A nan na fara sanin cewa yara ba sa buƙatar data sosai. Rumfar mai cajin waya ce kasuwarsu, a nan ake tura musu finafinai da waƙoƙi a memori, su kuma su tura wa juna.

Asabar ta farko na ga wata folda an rubuta mata "Hadda". Na kai yatsa ke nan sai yaron ya ce, cikin ladabi, "Baffa, kana da alwala?"

Ba ni da ita. Na taɓa jin cewa Alƙur'anin waya hukuncinsa daban da na takarda, amma ban tabbata ba, ni kuma ba na son yin abin da ban tabbata ba. Na janye hannu. Har daɗi na ji cewa yaro ya san girman abin da yake ɗauke da shi. Asabar ta biyu ma haka. Daga baya ba ya ma tambaya, da kaina nake tsallake ta. Ina ganin akwai kunya a ciki: wa zai binciki karatun yaro kamar yana neman kayan sata? Duk mako Yaya zai ce, "Malam, ya labari?" in ce lafiya lau. Wata bakwai ko takwas muka yi a haka.

Wata Asabar malamin Islamiyya ya tare ni bayan azahar a ƙofar masallaci. Ya ce tun bayan Sallah yaron yana izu ɗaya bai motsa ba, kuma yakan yi kwana uku bai zo ba. Na shiga gida da alwalata, na karɓi wayar, na buɗe foldar.

Surori uku ne a sama. A ƙasansu bidiyoyin rawa ne, da guntayen finafinai, da wasu abubuwan da ba zan faɗa ba. Akwai nasa kuma, shi da abokansa sanye da kayan Islamiyya a bayan rumfar mai caji, suna kwaikwayon rawar suna ɗorawa a intanet da wani layin Nijar da ban san da shi ba. Yaron ya ce a Kongolam, can bakin iyaka, wani abokinsa ya samo masa.

Bai yi kuka ba. Cewa ya yi, "Baffa, kowa haka yake sa wa tasa suna. Iyaye ba sa buɗewa." Sai ya ƙara da cewa, "In ka faɗa, ka san abin da Baba ya ce."

Kwana huɗu ina juya maganar. In na yi shiru na ci amanar Yaya, in na faɗa na cire yaro daga makaranta da bakina. Na faɗa. Na roƙi a karɓe wayar kawai, na ce laifin rabi nawa ne. Yaya ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Mai digiri ma yaro ya yi masa wayo da alwala. To me bokon za ta ƙara masa?" Ya sa wayar a turmi ya daka.

Mako na gaba yaron ya bi shi kara. Ba a yi wata biyu ba aka ga cewa cinikin shanu yanzu sai da waya, don masu saye daga kudu hoton dabbar suke so kafin su yi magana. Yaya ya saya masa sabuwa, wadda ta fi ta farko girma. Ba a ce kowa ya duba ta ba. Bai koma makaranta ba, haddar ma a izun nan ta tsaya. Muna gaisawa, amma bai sake zama kusa da ni ba.

Yanzu 'yata ta kai shekarunsa na lokacin. Ina buɗe kowace folda, da alwala ko babu, ban taɓa samun komai ba, kuma wannan bai kwantar mini da hankali ba.

Matar Yaya tana nan, malamin ma yana raye, haka mai cajin. In ɗayansu ya ga na kauce, musamman a kan ko Yaya ya yi niyyar sassautawa kafin in yi maganar rabin laifi, ina roƙo ya aiko mini da gyara. Shi ma yaron, in ya yarda.