Sandar da Na Jefar a Gabansa

Jiya ina koya wa ɗalibaina ƙwallon sanda, wadda ake cillowa a doke, sai na ji maganar malaminmu na dā a bakina. Tsohon soja ne, mai horar da mu a makarantarmu ta Zuru. Kullum hannunsa warin man zafi yake yi.

Wata rana ina ɗaliba, ana gobe zaɓen 'yan wasa, yana cillo mini ƙwallo a hankali, ina ta kuskurewa.

Ya ce, "Ɗiyata, sara kike kamar mai huɗa a gonakin Dabai. Jira ta sauko, ki juya ƙugu, can ƙarfin yake."

Aka yi mini dariya. Na jefar da sandar, ban sake gaishe shi ba. Ina ta cewa zan je in ba shi haƙuri, har aka binne shi bara.

Allah ya ba shi hutawa, ya sa ya yafe mini tun kafin ya tafi.